Amsa kan shan ruwan rafi a wurin yawon shaƙatawa

Malam, ka ce kuna shirin kai ɗalibai yawon shaƙatawa bakin wani rafi a daji, ruwan garau yake, kana tambaya ko za a iya sha. A gaskiya kada a sha sai an dafa ko an sa magani. Ido ba ya ganin ƙwayoyin cuta.

Abin da ke ɓata irin wannan ruwa bahaya ne, na mutane da na shanu. Duk inda jama'a ke taruwa babu makewayi, bayan duwatsu ake zagayawa, a yi tsarki a bakin ruwa, a yar da famfas ɗin yara. Ruwan sama na sauka, musamman na farkon damina, sai ya kwashe komai ya zuba a rafi. Ta nan taifot da atini da kwalara ke shiga. Inuwar daji ma tana taimaka wa ƙwayoyin, domin hasken rana ne ke kashe su. Suna kwanciya cikin laka su yi makonni, da yara sun shiga wanka sun dama lakar sai su taso. Shi ya sa ruwan da ke ƙasa da wurin wanka ya fi na sama hatsari, kuma na yamma ya fi na asuba.

A ɗakin gwaji E. coli ake dubawa, wata ƙwayar cuta da ke zama a hanjin mutum da dabba, ita ce shaidar cewa bahaya ya shiga. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. In za ku gwada, ku ɗebo kwalba biyu, sama da ƙasa da wurin taruwa, ku sa a ƙanƙara, su isa cikin awa 6.

Ruwan sha ku ɗebo shi can sama kafin kowa ya shiga. A tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka. In kilorin ne, a bi ma'aunin da ke jikin kwalin, a jira minti 30. In ruwan ya yi duhu a fara tacewa da ƙyalle, don laka na cinye ƙarfin maganin. Alif kwantar da datti kawai yake yi, ba ya wadatarwa.

Makewayi kuwa ku haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, aƙalla mita 60 daga ruwa, a rufe da ƙasa bayan an gama. Tsarki da wanke-wanke a ɗauki buta a yi su can nesa. Yaron da ke zawo kada ya shiga ruwan sam, don Allah.