Call of Duty: Modern Warfare a PS4, ya ci kuɗinsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka sayi wasan bidiyon nan na yaƙi, Modern Warfare na 2019. Ni na buga shi har ƙarshe. Ƙarar bindigoginsa ba a magana. Matakin da ake kutsawa wani gida a Landan cikin dare, ana bin bene ɗaki-ɗaki da tabarau mai gani a duhu, wallahi sai da tafin hannuna ya yi gumi. Sai dai labarin gajere ne, kwana biyu na gama.

Inda gizo ke saƙar shi ne data. Sabuntawarsa na lashe gigabait da yawa, wasa da mutane ta intanet kuma sai da PlayStation Plus, wato rajistar da ake biyan kuɗi. In intanet ɗinka na jan ƙafa kamar nawa a Gwammaja, kafin ka ɗana an harbe ka. In naka mai ƙarfi ne, nemi faifai na hannu a Beirut Road.