Amsar Baffa: Dadhichi da makamin da aka ƙera da ƙashin mutum

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, na kuma yi farin ciki da jin kina lafiya, karatu yana tafiya. Kin ce a makarantarku ta likitanci a can Indiya an yi taron karrama iyalan mutanen da suka bar wasiyya a ba ɗalibai gawarsu don koyon sassan jiki, aka yi ta ambaton wani Dadhichi, har wata malama ta ce kowane ɗaya cikin mamatan nan Dadhichi ne na wannan zamani. Kina so ki san wane ne shi, me ya haɗa shi da gawa, kuma ke da kike musulma yaya za ki ɗauki lamarin. Zauna da kyau, maganar tana da tsawo, domin ba a sanin Dadhichi sai an san wani makami da mabiya addinin Hindu ke kira vajra.

Littafinsu mafi tsufa shi ne Rigveda, tarin waƙoƙin bauta 1,028 da aka tsara fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waƙoƙin nan yabon Indra ne, wanda suka ɗauka shi ne sarkin allolinsu, mai hadari da ruwan sama. A cikin waƙoƙin akwai wani ƙaton maciji, Vritra, da ya kwanta a kan dutse ya tare ruwa, ƙasa ta bushe. Sai maƙerin alloli, Tvashtr, ya ƙera wa Indra vajra, wato aradu da ake riƙewa a hannu. Indra ya maka wa macijin, koguna bakwai suka ɓalle suka nufi teku. Duk wanda ya san ƙasar da abincinta ke rataye a kan damina zai gane abin da ake nufi: fari ne da tsoron fari, sai tsawa ta farko da ke buɗe sama. Mu ma kakanninmu idan suka tsinci wani sulɓaɓɓen dutse a gona sukan ce gatarin aradu ne. Manomi a ko'ina yana kallon sama da fargaba iri ɗaya.

Amma abin da ya shafi tambayarki ya fito sosai ne a littattafan da suka zo daga baya, Mahabharata da Bhagavata Purana. A nan Vritra ya fi ƙarfin alloli gaba ɗaya, duk makamin da suka jefa masa ba ya yi masa komai. Suka kai kuka gaba, aka gaya musu babu abin da zai kashe shi sai makamin da aka ƙera da ƙasusuwan Dadhichi, ɗan Atharvan, wani tsoho mai gudun duniya da ke zaune a bakin kogin Sarasvati. Ba jarumi ba ne, ba shi da runduna, ba shi da dukiya. Shekarun da ya shafe yana azumi da horar da kansa ne suka sa ƙashinsa ya fi ƙarfe tauri. Ki lura da wannan wurin, 'yata, don a ganina nan ne zuciyar labarin: sarakunan sama, da kayan yaƙinsu da giwayensu, su ne suka gangaro suka durƙusa gaban talakan malami suna roƙonsa abu ɗaya tak da ya mallaka.

A ruwayar Bhagavata bai amsa nan take ba. Ya fara tambayarsu ko ba su san zafin mutuwa ba ne, ko sun manta cewa babu abin da mai rai ke ƙauna kamar jikinsa. Wannan tambayar tana burge ni, domin ta nuna marubutan ba su mai da kyautar abu mai sauƙi ba. Da suka ba shi amsa sai ya ce dama so yake ya ji ta daga bakinsu, tunda jiki ko yau ko gobe zai bar mai shi, gara ya tafi yana amfanar wasu. Ya zauna ya tattara hankalinsa, ransa ya fita, aka ɗauki ƙasusuwan aka ƙera vajra. Har yau a garin Misrikh da ke gundumar Sitapur a jihar Uttar Pradesh akwai wani tafki mai sunansa, masu ziyara suna zuwa wanka, suna cewa nan aka tara masa ruwan dukan wurarensu masu tsarki kafin ya mutu.

Kada ki ɗauka labarin ya wanke Indra. Shi ne ya fara kashe Vishvarupa, ɗan Tvashtr, uban kuma ya fito da Vritra don ɗaukar fansa. Kuma bayan nasarar, alhakin kisan ya bi Indra har ya gudu ya ɓuya a cikin karan furen bado a wani tafki na tsawon shekara 1,000. Wanda ya jefa makamin ya fito da tabo, wanda ya ba da ƙashinsa shi ne sunansa ya tsira.

Shi ya sa vajra ta zame musu alamar ƙarfin da ba ya karyewa, wanda asalinsa sadaukarwa ce, har lu'ulu'u ma da wannan sunan suke kiransa. Lambar yabo mafi girma ta sojan Indiya a fagen yaƙi, Param Vir Chakra, wadda aka kafa a 1950, tana ɗauke da siffar vajra guda huɗu kewaye da tambarin ƙasa. Wata mata haifaffiyar Suwizalan, Savitri Khanolkar, ita ta zana ta. Wanda aka fara ba lambar shi ne Manjo Somnath Sharma, wanda ya mutu a Kashmir a 1947, kuma cikin mutum 21 da suka same ta, 14 bayan mutuwarsu aka ba su. Mabiya Budda na Tibet su ma sun ɗauki vajra, za ki ga malamansu riƙe da ita a hannun dama, ƙararrawa a hagu. A Delhi kuwa akwai ƙungiyar da ke ƙarfafa mutane su yi wasiyyar ba da gawa da idanu, sunan Dadhichi take ɗauke da shi. Ga mafarin abin da malamarku ta faɗa.

Yanzu batunki ke. Mu ba mu yarda da Indra ko wani abin bauta ba bayan Allah, kuma sanin labarin mutane ba bauta ba ne. Idan a taron ana wata ibada tasu, ki tsaya gefe cikin natsuwa, ba sai kin sa hannu ba, ba kuma sai kin yatsina fuska ba. Amma iyalan nan da kika gani, sun haƙura da ƙona mamacinsu a kan lokaci, alhali a wurinsu wannan haƙƙi ne babba da ɗa ke sauke wa mahaifinsa. Sun bar shi ne don ke da abokan karatunki ku koya. Godiya ta wajaba a kanki, ki je ki gaishe su da kyau.

A wajenmu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Saboda haka malamai suka daɗe suna duba wannan mas'ala, har Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka ta zauna a 1987 ta halatta buɗe gawa don koyon likitanci, da sharuɗɗa, ciki har da izini, da tsayawa iya buƙata, da binne dukan sassan idan an gama. Don haka ki shiga ɗakin nan ba tare da nauyi a zuciya ba. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki yi dariya a kan gawa ko da wasu sun yi, kada ki ɗauki hotonta a waya, ki rufe abin da ba a aiki a kansa, ki kuma yanka iya inda aka ce ki yanka. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba da sa'ar jarrabawa.

Baffanki