Tallafin SBIR a Amurka: sai na biya ƙwararre kafin in nema?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni injiniya ne a jihar Karolina ta Arewa, ina da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin. Ni da yayana da ke Kano mun yi rajistar ƙaramin kamfani a nan Amurka, rabi da rabi, muna ƙera na'urar gwada tsabtar ruwan rijiya. Na ji gwamnati na ba irinmu kuɗin bincike, amma wani mai rubuta takardun neman tallafi ya ce sai na biya shi dala dubbai tukuna. Babu wata hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai hanya, kuma kada ka biya kowa ko sisi yanzu. Amma kafin zancen mai rubutu, akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato wannan rabi da rabin.

Shirin da kake nufi sunansa SBIR. An kafa shi da doka a 1982, zamanin Shugaba Reagan, bayan hukumar kimiyya ta NSF ta gwada shi tun 1977. Duk hukumar tarayya da ke kashe sama da dala miliyan 100 a shekara kan binciken da ake yi mata a waje, dole ta ware kashi 3.2 cikin ɗari ga ƙananan kamfanoni. Hukumomi 11 ne a ciki. Ba bashi ba ne, gwamnati kuma ba ta karɓar hannun jari. Babban kamfanin fasahar sadarwa na Qualcomm ma ya ci gajiyarsa yana ƙarami.

Sai dai ƙa'idar mallaka ba ta da sassauci: fiye da rabin kamfanin ya kasance a hannun 'yan ƙasa ko masu girin kad. Hamsin cif ba ta isa ba. A yadda kuke yanzu, ko wane gwani ne ya rubuta muku takardar, ba za ta tsallake wannan shingen ba. Ka zauna da Yaya ku yi magana ta fahimta, ka koma 51 ko sama, a gyara takardun kamfani. Na san abu ne mai nauyi ƙane ya ce wa wansa ya rage kasonsa, don haka ka nuna masa ƙa'idar a rubuce ya gani da idonsa. Ka sani kuma aikin binciken a cikin Amurka ake so a yi shi, ba za ka karɓi kuɗin ka tura Kano a yi gwaji a can ba. Tun dokar 2022 kuma ana tambayar alaƙar kamfani da ƙasashen waje. Ka rubuta sunan Yaya da kasonsa ɓaro-ɓaro. Ɓoyewa ita ce ke jawo fitina.

To, batun taimako. Gwamnatin da ke ba da kuɗin ta san sabon shiga kan ɓata a hanya, shi ya sa a 2000 aka kafa wani shiri mai suna FAST. Hukumar ƙananan sana'o'i ta SBA ke ba wata cibiya a jiha kuɗi, yawanci jami'a ko ofishin raya tattalin arziki, ita kuma ta koyar da masu nema, ta duba musu daftari, wani lokaci har ta taimaka da ɗan kuɗin shirya takarda. Wannan matakin share fage shi ake ce wa mataki na sifiri. Akwai kuma cibiyoyin SBDC masu ba da shawara kyauta, da ofisoshin APEX da ke taimakawa wajen rajista. Jiharka ma tana da shirin One North Carolina Small Business, wanda aka kafa don mayar wa masu nema wani ɓangare na abin da suka kashe wajen shirya takarda, da kuma ƙara kuɗi a kan na wanda ya ci matakin farko na tallafin SBIR. Kuɗinsa ya danganta da kasafin jiha, sai ka tambaya ko a buɗe yake bana.

Da ni ne kai, da NSF zan fara, saboda ba ta barin mutum ya ɓata watanni a banza. Gajeren bayani kake fara turawa: mece ce sabuwar fasahar, wane ƙalubale ne a cikinta, wa zai saya, su wane ne ku. Sai ta gayyace ka sannan ka rubuta cikakkiyar takarda. A nan ne akasarin injiniyoyi ke tuntuɓe. Sai ka ga mutum ya cika shafi da yabon na'urarsa, ta kammala, tana aiki, saura kasuwa. Mai dubawa ya karanta ya ce to me ya rage a bincika? Kuɗin na abin da ba a tabbatar zai yiwu ba ne. In na'urarka na gano gubar dalma a ruwa mai tsabta amma tana rikicewa in ruwan ya yi laka, wannan rikicewar ita ce abin da za ka sa a gaba, ka faɗi gwajin da za ka yi da ma'aunin da zai nuna an yi nasara.

Wani sharaɗin da ya shafe ka: a SBIR, jagoran binciken dole babban aikinsa ya zama na kamfanin a lokacin tallafin. In ba ka shirya barin aikin albashinka ba, duba ɗan'uwansa STTR, na 1992, inda kamfani ke haɗa gwiwa da jami'a, kamfani ya yi aƙalla kashi 40 na aikin, jami'a aƙalla 30. A wasu hukumomi, kamar hukumar binciken lafiya ta NIH, malamin jami'ar na iya jagoranta, amma NSF ba ta yarda da haka ba.

Rajistar SAM.gov, shafin da masu neman kuɗin gwamnatin tarayya ke yin rajista, kyauta ce, tana iya cin makonni, ka fara da zarar kun gyara mallaka. Wasiƙu za su yi ta shigo maka na masu cewa ka biya su yi maka, ka share su. Majalisa kuma wa'adi-wa'adi take sabunta dokar shirin, wa'adin da aka ba shi a 2022 ya tsaya ne a 30 ga Satumba 2025, don haka ka leƙa sbir.gov ka ga hukumar da ke karɓar takardu a yanzu.

Shi kuwa mai rubutun, ban ce duk irinsu macuta ba ne, akwai na ƙwarai. In ka sami gayyata kuma ka ga kana buƙatarsa, ka nemi ya faɗa maka hukumar da ya saba da ita, ka ji daga bakin wanda ya taɓa yi wa aiki. Wanda ya ce maka tabbas za ka ci, ka sallame shi. Allah ya sa albarka, a gaida Yaya.