Tambaya da Amsa: An gayyace ni gidan pizza a unguwarmu a Napoli, me zan ci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, wata biyu ke nan da zuwana karatu birnin Napoli na ƙasar Italiya. Maƙwabtana sun gayyace ni cin abincin dare a wani ɗan gidan pizza da ke bakin layinmu, na kuma amsa, amma hankalina bai kwanta ba, domin ina tsoron in ci naman alade ban sani ba, sannan ban san tsarin zaɓen abinci da biyan kuɗi a irin wannan wuri ba. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka je da kwanciyar hankali, domin pizzar da mutanen Napoli suka fi alfahari da ita babu nama a cikinta ko kaɗan. Iri biyu ne tushen sana'ar. Ta farko ita ce marinara, wadda ba a sa mata komai sai tumatir da tafarnuwa da man zaitun da busasshen ganyen origano. Ko da yake sunanta yana da alaƙa da teku, babu kifi a kanta, babu kuma cuku. Ta biyu ita ce margherita, mai tumatir da farin cukun mozzarella da ganyen basiliko, wanda ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu ne. Su ne suka fi araha a takardar abinci, kuma da su ake gane gwanintar mai gashi, tunda babu wani abin da zai ɓoye aibin kwaɓinsa a ƙarƙashi.

Idan ka sami wuri kusa da tanda, ka tsaya ka kalli aikin, zai tuna maka da masu gurasa a Kano. Kwaɓin fulawa ne da ruwa da gishiri da yis kawai, a bar shi ya tashi na tsawon awa 8 ko fiye. Mai gashin, wanda suke kira pizzaiolo, yana buɗe curin da tafin hannunsa daga tsakiya zuwa gefe, ba ya murza shi da sanda, saboda iskar da ke ciki ta taru a baki. Daga nan sai a zura shi da doguwar shebur cikin tandar itace da zafinta ya haura digiri 430, a fito da shi bayan daƙiƙa 60 zuwa 90. Shi ya sa za ka ga bakin ya kumbura da ɗigo-ɗigon ƙuna, tsakiyar kuma da laushi da ɗan ruwa. Baƙo yakan zaci ba ta gasu ba, alhali haka ake so ta kasance. Akwai ƙungiyar da aka kafa a Napoli a 1984 don tsare waɗannan ƙa'idoji, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar pizzaiolo cikin al'adun duniya da ake karewa.

Inda za ka buɗe ido sosai shi ne sauran sunayen da ke cikin takardar, domin da wuya ka ga an rubuta kalmar maiale, wato alade, a fili. Sunan abin da aka sarrafa daga naman ake rubutawa. Duk inda ka ga prosciutto, salame, salsiccia, pancetta, speck, mortadella ko 'nduja, to alade ne, haka ma würstel galibi. Pizzar da ake kira diavola tana da salame mai yaji, capricciosa da quattro stagioni kuwa suna da prosciutto a ƙarƙashin naman kaza (wato mushroom) da zaitun, inda ido ba ya saurin ganinsa. Bresaola naman sa ne, sai dai kada ka ɗauka yankan Musulmi ne. Wani abin da ke rikita waɗanda suka saba da pizzar Amurka shi ne kalmar peperoni, wadda a Italiya tattasai take nufi, ba nama ba. Idan kana son abin da ya fi margherita nauyi, ka nemi ortolana mai gasasshen kayan lambu, ko tonno e cipolla mai kifin tuna da albasa.

A ganina soye-soyen da ake kawowa kafin pizza sun fi pizzar kanta haɗari, domin ana tara su a faranti ɗaya a tsakiyar teburi, kowa ya miƙa hannu, kuma abin da ke cikinsu a rufe yake. Soyayyiyar taliyar da ake kira frittatina yawanci tana da nama a ciki, curin dankalin crocchè ma wasu suna sa masa, pizza fritta ta gargajiya kuwa ana cusa mata soyayyen kitsen alade mai suna cicoli. Shi narkakken kitsen ana kiransa strutto, mutanen Napoli kuma su ce sugna, yana kuma shiga wasu nau'o'in burodi da ƙananan gashe-gashe. Ka riƙe jimla ɗaya, "senza maiale", ma'ana ban da alade, ka kuma tambayi mai hidima ko akwai strutto a cikin abin da aka kawo. Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a wurinsu. A kayan zaƙi, shahararren babà na Napoli ana jiƙa shi ne da giyar rum, kuma wasu suna zuba giya a tiramisù. Batun cuku kuma, galibi ana daskarar da shi ne da wani sinadari daga cikin ɗan maraƙi, kuma malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa. Idan kana bin ra'ayin masu kauce masa, marinara ta raba ka da wannan damuwa.

Tsarin zaman ba shi da wahala. Ba a cika fara cin abincin dare ba sai wajen ƙarfe 8. Kowa pizzarsa guda yake nema, a kawo masa ita a faranti ba a yanka ba, tare da wuƙa da cokali mai yatsu. Ka yanka ta gida huɗu, ka ninke kowane yanki ka ci da hannu, babu wanda zai kalle ka, amma ka ci da zafinta, domin idan ta huce takan yi tauri. Abokan zamanka mai yiwuwa su nemi giya, kai kuma ka nemi lemo ko ruwa. Za a tambaye ka naturale ko frizzante, wato ruwa zalla ko mai gas.

Mai hidima ba zai kawo lissafi ba sai an ce masa "il conto". A cikin takardar za ka ga wani ƙarin kuɗi mai suna coperto, yawanci yuro 1 zuwa 3 a kan kowane mutum, kuɗin zama ne da shimfiɗar teburi, don haka kada ka zaci an cuce ka. Tukuici ba dole ba ne. Abokai sukan raba kuɗin daidai wa daida, abin da suke kira alla romana, amma tunda maƙwabtanka ne suka gayyace ka, mai yiwuwa su hana ka sa hannu a aljihu. Ka nuna niyyar biya sau ɗaya, idan suka ƙi ka yi godiya, wata rana kai ma ka saya musu kofi a shagon da ke kan layin.