Kar ka biya kuɗin rajistar tukuna

Kana tambaya ko ka shiga harkar tafiye-tafiyen hutun nan da ake biyan kuɗin wata-wata, kai kuma ka kawo mutane a ƙarƙashinka. Ni dai kar ka shiga, sai in ribar daga sayar da tikiti da ɗakin otal take fitowa, ba daga kawo mutane ba.

Ƙanena ya yi wata bakwai a wani kamfani irin wannan, kullum hoton bakin teku a WhatsApp, ko tikiti ɗaya bai sayar ba, abokansa har sun daina ɗaga wayarsa. Ko WorldVentures, wani kamfani irin wannan da ya yi tashe, Norway ta haramta shi a 2014, ya karye a Amurka a 2020. Ka ce wa masu son ka shiga su nuna maka a rubuce nawa yawancin mambobi suke samu a shekara.