Baba lafiyarsa ƙalau, me ya kawo gwajin hanci?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Bara aka sa wa mahaifinmu famfon zuciya a Indiya, yanzu yana gida a ƙauyenmu da ke yankin Ringim. Da muka kai shi Kano ganin likita, sai aka dangwali hancinsa da auduga, da bakin wayar cikinsa, har da dubura. Ba zazzaɓi, ba komai. Tsohon ya ji nauyin abin ƙwarai. Me ake nema?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. A ba shi haƙuri, gwajin yana bisa hanya.

Famfon nan, wato LVAD, wayarsa ta ɓullo ne ta fatar ciki zuwa batir, kuma kafar ba ta toshewa. Idan ƙwayoyin cuta suka kama jikin wayar sai su lulluɓe kansu da wani yauƙi da magani ke wahalar ratsawa, su bi ta har famfo, su shiga jini. Famfo kuwa ba haƙori ba ne da za a ce a cire a huta.

Kusan mutum 1 cikin 3 na ɗauke da ƙwayar Staphylococcus aureus a hanci ba tare da ciwo ba. Wani irinta, MRSA, ba ya jin magungunan da aka saba, kuma daga hanci zuwa hannu zuwa bandeji ba nisa. A gwajin dubura kuwa ƙwayoyin hanji ake nema masu bijire wa manyan allurai, waɗanda akan kwaso a asibitoci, har da na Indiya. Sakamako yakan fito cikin kwana 2 zuwa 3. In an samu MRSA, ba wai ya kamu ba ne. Akan ba da man mupirocin a shafa a hanci kwana 5, da sabulun chlorhexidine. Ranar da ciwo ya taso kuma, likita ya riga ya san maganin da ba zai ɓata lokaci a kansa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kemis. Baba yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kuma Septrin da Flagyl suna ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle. Kada a saya masa ko kafso ɗaya sai da izinin likitansa. Mai canza bandeji ya wanke hannu, a kare wurin daga ƙurar hunturu da gumi. Da an ga ja, kumburi, mugunya ko zazzaɓi, a kama hanyar Kano a ranar, kada a jira ranar kasuwa a samu mota.