Gadon jariri da durowar gwanjo: a ci gaba da amfani da su?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Bayan suna maigida ya sayo mana gadon jariri da durowar kayan yara a wajen masu gwanjon ƙasar waje. Katakon mai kyau ne, gadon kuma gefensa ɗaya yana sauka ƙasa idan zan ɗauki yaro. Ƙanwar maigida da ke karatu a Amurka ta gani da muke waya ta bidiyo, ta ce a can an hana sayar da irinsa, durowar ma wai an taɓa janye irinta daga kasuwa. Jaririn watansa 5, yayarsa shekara 2 da rabi. Gaskiya ne, ko tsoro ne kawai irin na mutanen can? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana. Ƙanwar mijinki ta yi miki gata, gaskiya ta faɗa.

Gadon nan nake so ki fara rabuwa da shi, yau ba gobe ba. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta haramta ƙerawa da sayar da gado mai saukar gefe tun watan Yuni na 2011, har wanda aka riga aka yi amfani da shi, bayan jarirai aƙalla 32 sun mutu a cikinsa daga shekarar 2000. Abin da ke faruwa shi ne, robar ko ƙarfen da gefen ke zamewa a kai yakan karye ko ya saki, gefen ya ɗan buɗe, rata ta fito tsakaninsa da katifa. Jariri ya mirgina, jikinsa ya zurma, kansa ya maƙale, fuska a manne da katifa. Ba ya iya kuka, uwa na ɗaki ɗaya da shi ba za ta ji komai ba. Na gwanjo ya fi ba ni tsoro, domin an kwance shi an zuba a kwantena, nan kuma wani ya harhaɗa ba takardar bayani, wataƙila da notin da ba nasa ba. Kada ki ɗaure gefen da igiya ko waya ki ce an gyara. Kuma don Allah kada a ba wata 'yar'uwa kyauta. A farfasa shi.

Idan kafinta zai yi muku sabo, gefuna huɗun duka su zama kafaffu. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 6. Idan gwangwanin lemo ya shige, ratar ta yi yawa. Katifa mai tauri, wadda ta cika gadon, yatsunki biyu kawai za su iya shiga gefenta. Ba filo, ba bargo mai kauri, ba 'yar tsana, a kwantar da shi rigingine.

Durowar kuwa tana da magani. Labarin da ƙanwar mijin naki ta ji, mai yiwuwa na kamfanin IKEA ne. A watan Yuni na 2016 ya janye durowa kusan miliyan 29 a Amurka, cikinsu har da samfurin Malm, bayan ta faɗo wa yara ƙanana sun rasu. A 2017 irin durowar ta sake faɗo wa wani yaro ɗan shekara 2 a Kalifoniya ya rasu, bayan an yi sanarwar, kamfanin ya biya iyayensa dala miliyan 46 a 2020. Wannan yaron shi ya fi tsaya mini a rai. A ƙasar da ake aika wa mutane wasiƙa, ake shela a talabijin, sanarwar ba ta hana ba. To ina ga durowar da ta tsallako teku ta bi hannun dillalai har Kaduna? Kaya suna zuwa mana, gargaɗin yana tsayawa can.

Hatsarin kan yayar yake, ba jaririn ba. Yarinya mai shekara 2 da rabi za ta jawo aljihun durowa na ƙasa ta taka, ta jawo na sama, nauyi ya koma gaba, duka ta kife a kanta. Shi ya sa dokar da Amurka ta fara aiki da ita a watan Satumba na 2023 ta ce sai an gwada durowa da nauyin yaro na kimanin kilo 27, aljihuna a buɗe, kafin a sayar. Kuma ba ta waje kaɗai ba. Wadda kafintan unguwa ya yi, da kabad, da wadrob ɗin kayan ɗakinki, duk suna iya kifewa.

Kira kafinta ya kafe ta a bango da ƙarfe biyu masu lanƙwasa, a huda bulo da inji a ɗaura noti, ba ƙusa ba, domin ƙusa tana zarewa. A ɗaura a jikin katako mai kauri na sama, ba siririn allon baya ba. Idan gidan haya ne, ki sa maigida ya yi wa mai gidan bayani. Rami biyu ne da siminti kaɗan zai toshe. Kaya masu nauyi a aljihun ƙasa. A sauke talabijin daga kanta, haka alewa, rimot da kayan wasa, duk abin da zai sa yarinya sha'awar hawa. Kafin kafintan ya zo, a kai durowar ɗakin da ake kullewa.

Abu ɗaya da ba ki tambaya ba, amma yana yawo a gwanjo: kujerar barcin jarirai mai gangare, irin Rock 'n Play ta kamfanin Fisher-Price. An janye miliyan 4.7 a 2019, zuwa 2023 an danganta ta da mutuwar jarirai kusan 100. Idan an kawo miki gudummawarta, kada yaro ya yi barci a ciki.

Ki leƙa bayan durowar ko ƙarƙashinta, yawanci akwai takarda mai sunan kamfani da lambar samfuri. Ɗauki hotonta ki tura wa ƙanwar mijinki, ta bincika a shafin CPSC na intanet. Ko sunanta bai fito ba, a kafe ta.